Sawun Wuta a Dajin Tek

A gefen dajin gwamnati, ta wajen Kparatao, akwai wata ƙaramar ruga ta mutum uku. Awaisu shi ne uba, makiyayi mai ƙarancin magana, yana kiwon shanun mahautan zongon Sokodé. Sai 'yarsa Khairiya, wadda ba ta cika shekara goma ba, da ƙanenta Zaidu da bai daɗe da fara rarrafe ba. Suna da nono, suna da dawa a buhu, rafi kuma yana kusa da su. Abu biyu suka rasa. Na farko uwa, domin zazzaɓi ya ɗauke ta da damina. Na biyu wuta da rana.

Da can, da zarar ruwa ya ɗauke, mutanen ƙauye da ma'aikatan gandun daji sukan fita da sanyin safiya su ƙone ciyawar dajin tun tana da sauran danshi. Irin wannan wuta rarrafe take yi, ba ta cutar itace, kuma da kanta take mutuwa. Amma da aka zo da sabon shirin dashen itatuwan katako da ake kira tek, sai aka hana kowace irin wuta, aka hana shanu shiga. Ciyawar bana ta hau kan ta bara, har ta kai wa babban mutum ƙirji. An sha ja wa Awaisu kunne. Saboda haka idan zai fita kiwo, sai ya kashe murhu da ruwa, ya sa ashana a aljihu, ya bar wa yaran abin da ya dafa tun da asuba.

Wata ranar Laraba bayan azahar dajin ya kama. Kafin a shawo kan wutar ta cinye dashen tek, ta cinye rumfunan doyar mutane, ta gangara ta gama da gonar yazawar Alhaji Mahama, babban ɗan kasuwar ƙauyen. Babu wanda ya mutu. Rugar Awaisu kaɗai wutar ta kewaye ta bari, domin ya nome kewayenta fes tun farkon rani.

Wannan ne ya ja masa. Mutane suka ce wa zai share gidansa haka in ba wanda ya san abin da ke tafe ba, kuma wa zai ci ribar sabuwar ciyawa in ba mai shanu ba. Alhaji Mahama ya fi kowa ɗaga murya, domin bara ma shanun sun taɓa shiga gonarsa. Jandarma suka tafi da Awaisu Sokodé. Yaran kuma sarkin fawa ya kai su gidansa a zongo.

* * *

Inusa yana kasuwar shanu ta Dapaong lokacin da wayar sarkin fawa ta same shi. Dattijo ne siriri, aikinsa bin sawun shanun sata, an san shi tun daga bakin iyaka har Mango. Ya saurari labarin, ya ce shi sawun kofato ya iya bi, wuta kuwa ba ta da kofato. Sarkin fawa bai yi masa gardama ba. Cewa kawai ya yi akwai yara biyu a ɗakin matarsa, kuma babbar ba ta sa komai a bakinta ba tun ranar da aka tafi da ubanta. Washegari Inusa ya shiga motar kudu.

Ya tarar da Khairiya zaune a bakin zaure, Zaidu yana goye a bayanta. Ya durƙusa daidai tsayinta ya gaishe ta kamar babbar mace, ya tambayi sunan shanun ubanta, ta faɗa masa ɗaya bayan ɗaya. Da ya tambayi abin da ta gani ranar Laraba, sai ta sunkuyar da kai. Can ta ɗago.

"Baba, in an sami wanda ya yi, me za a yi masa?"

"Ya danganta da ko da gangan ya yi."

"In tsoho ne fa?"

Inusa ya ce bai sani ba tukuna. Bai ƙara tambayarta komai ba, ya saya mata ƙosai ya ajiye kusa da ita, ya tafi wajen jandarma.

Awaisu ya rame. Ya rantse cewa ya zuba wa murhu ruwa da hannunsa kafin ya fita, kamar kullum, kuma ashanar gidan duka a aljihunsa take kwana take tashi. Ita ce ma aka ciro daga aljihunsa aka ce shaida ce. Abin da ya fi damunsa shi ne ko Zaidu yana samun abin sha mai ɗumi, domin abinci mai sanyi yakan ɓata masa ciki. Ya ce kwanan baya yaron ya yi ta fama da gudawa, sai kuma Allah ya kawo sauƙi haka kawai.

* * *

Ma'aikacin da ke kula da dajin sunansa Rashid, matashi ne da ya dasa da yawa daga cikin itatuwan da hannunsa. Idanunsa sun yi ja saboda hayaƙi da rashin barci. Ya ɗauki Inusa a bayan babur suka shiga ƙauye.

Wanda aka fara nuna musu shi ne Wahab, maharbin gafiya, wanda kowa ya san da hayaƙi yake fito da su daga rami. Sun same shi yana gyaran tarko. Ya ce musu, da Hausarsa ta kasuwa, ranar Laraba yana Langabou wajen sunan ɗan ƙanwarsa, ya ci shinkafa har ya kasa hawa babur, kuma rabin ƙauyen sun gan shi.

Ya dubi Rashid ya ce, "Shef, in ni na sa wutan nan, da yau duk gari yana cin nama. Ka ga nama?"

Rashid ya yi dariyarsa ta farko a makon. Masu gawayi ma aka tambaye su, amma ramukansu suna can hayin rafi, kuma wutar ba ta je can ba.

A rugar ne Inusa ya fara tsayawa. Ya tsuguna gaban murhu ya daɗe yana kallo. A ƙasa akwai toka da ta daskare, wadda aka sha zuba wa ruwa. Amma a gefe, bayan bukka, akwai wasu duwatsu uku ƙanana da aka juya baƙin gefensu ƙasa, aka share tsakaninsu da tsintsiya. Wani yana dafa abu a nan da rana, yana ɓoye wurin kafin mai gida ya dawo. Rashid ya ce to ko yarinyar ce. Inusa ya ce wataƙila, amma da wace ashana?

Daga nan Rashid ya shige gaba, domin karatun ƙuna aikinsa ne. Ya nuna wa Inusa yadda wuta mai ƙarfi take mai da komai farar toka, ta yi wa itace baƙi har sama ta gefen da iska ta nufa. Inda take ƙarama kuwa, takan ci gindin ciyawa kawai, karan ya faɗi yana nuna wajen da ta fito. Suka yi ta tafiya suna komawa baya da wutar, ƙunar tana ƙara tsukewa. Ba ta kai su rugar ba. Ta kai su tsakiyar daji, kan wata siririyar hanyar ƙafa da ta tashi daga bayan ƙauye ta nufi rafi.

"Nan aka haife ta," in ji Rashid. "Daga nan kuma idona bai ga komai ba. Sauran naka ne, Baba."

Inusa ya cire takalmansa. Ya bi gefen hanyar a hankali har ya zo inda saiwar wani itace ta gitta ta. Gaba kaɗan akwai ɗan tudun ƙasa, irin wanda ake turawa da gefen ƙafa. Ya buɗe shi da tsinke. A ƙarƙashi akwai toka mai launin toka-toka, mara nauyi, wadda ta riƙe siffarta kamar waina, sai wani ɗan gefe da bai ƙone ba. Kusa da ita akwai gutsattsarin kasko, cikinsu baƙi ƙirin.

Rashid ya duba. Ya ce busasshen kashin shanu ne, kuma wannan ai ya ƙara ɗaure Awaisu. Inusa ya murza gefen da bai ƙone ba a tafin hannunsa ya miƙa masa. Dusar masara ce a ciki. Dabbar da ta yi wannan ba ta yawon kiwo, a ɗaure take a gida ana kai mata abinci. A laka ta bakin rafi kuma suka ga sawun ƙaramar ƙafa, da ramin sanda a gefenta na hagu, tsoho da sabo, zuwa da komowa.

Inusa ya zauna a kan saiwar. Ya gaya wa Rashid cewa a nan ƙasar itace ya yi yawa, wanda zai ɗebi wuta bakin itace yake ɗauka. A Dapaong kuwa itace tsada gare shi. Mahaifiyarsa takan ɗora garwashi a kan busasshen kashin shanu a cikin kasko, ta kai har gona, yana ci a hankali ba ya mutuwa. In ya faɗi a hanya, sai ta tura masa ƙasa da ƙafa ta wuce, domin can bayan girbi dabbobi sun lashe ƙasa tas, babu abin da zai kama. Ya tambaya ko akwai tsohuwa 'yar arewa a ƙauyen. Rashid ya ce akwai guda ɗaya, kuma a gidan da take akwai san Sallah a ɗaure.

* * *

Kafin ya je gidan, Inusa ya koma zongo. Khairiya ta ga kaskon a hannunsa, ta gane shi, hawaye suka zubo mata. Ta ce ta yi alkawari ba za ta faɗa wa kowa ba, ko Baffanta, wato ubanta. Ta ce kullum tana so ta faɗa don a sake shi, kullum kuma in ta buɗe baki sai ta kasa.

"Riƙe alkawarinki, 'yata," in ji shi. "Ban zo karɓarsa ba. Ƙasa ta riga ta gaya mini. Ki ci abinci."

Iya Rahinatou, mahaifiyar Alhaji Mahama, tana zaune a bayan gida kusa da turken san, tana tsince wake da yatsun da sanyin ƙashi ya lanƙwashe. Inusa ya gaishe ta da gaisuwar mutanen Dapaong. Fuskarta ta washe, ta ba shi tabarma, ta yi ta tambayarsa unguwanni da mutanen da yawancinsu sun daɗe a ƙasa. Ya amsa mata duka bai yi gaggawa ba. Da hira ta lafa, ya ajiye gutsuren kaskon a gabanta.

Ta ce nata ne, ta yi tuntuɓe da shi ranar Laraba da hantsi, ta koma gida ba ta ƙarasa inda za ta ba. Ta tambaya ina ya tsince shi. Ya gaya mata, ya kuma gaya mata abin da Rashid ya karanta a jikin ciyawa.

"Ai na binne wutar," in ji ta. "Da ƙafata na binne ta."

"Kin binne ta, Iya. A can gida arewa da ta mutu. Nan ta kwanta a ciki tana ci, har iskar azahar ta taso."

Ta daina aikin da take yi. Waken ya zube daga cinyarta ba ta kula ba. Sai ta fara ba shi labari da ƙaramar murya. Ta je rafi neman ganyen magani ne ta ji kukan jariri, ta tarar da yarinya tana ɗura masa kunu mai sanyi yana amayarwa. Tun daga ranar take kai musu wuta ta dama masa mai ɗumi. Yatsunta ba sa iya ƙyasta ashana, shi ya sa take ɗauka yadda ta saba tun tana budurwa. Ɗanta ya hana kowa na gidansa taka rugar, don haka ta sa yarinyar ta yi mata alkawari. Da aka ce wuta daga rugar ta tashi, ta yi kuka don yaran, amma ko sau ɗaya ba ta kawo kaskonta a rai ba.

Inusa ya ce ba sai an tara mutane ba. Zai gaya wa Rashid da jandarma, a saki Awaisu, magana ta tsaya a ofis. Iya ta girgiza kai. Ta ce a gaban jama'a aka kira bawan Allah nan mai ƙone daji, in aka sake shi a ɓoye, har ya mutu ana nuna 'ya'yansa da baki.

"Ka tara su gobe. Amma kada ka kira sunana. Ina da baki."

* * *

Aka taru da hantsi a gindin mangwaron ƙofar mai gari. Jandarma biyu suka zo da Awaisu. Wahab da masu gawayi suna gefe, sarkin fawa kuma ya zo da yaran. Alhaji Mahama yana kan kujera a gaba.

Rashid ya fara magana. Ya faɗi inda wutar ta tashi, ya ce tsakaninsa da rugar akwai tafiya. Ya ƙara da cewa a shekarun da ake ƙunar farkon rani, wutar da ta tashi a wurin ba za ta wuce faɗin tabarma ba. Ciyawar da aka tara don kare dashen ita ce ta cinye dashen, kuma zai faɗi haka a gaban manyansa kamar yadda ya faɗa a nan.

Inusa ya shimfiɗa ƙyalle ya ajiye gutsattsarin kaskon da ragowar abin da ya tono. Alhaji Mahama ya leƙa, ya miƙe tsaye.

"To, jama'a kun gani. Kashin shanu. Wa ke da shanu a nan?"

"Mai wannan kashin dusar masara yake ci, Alhaji," in ji Inusa. "Shanun Awaisu ba su taɓa ganin dusa ba."

Kowa a wurin ya san gida ɗaya ne ake kiwon sa a turke, gidan Alhaji. Wahab ya buɗe baki zai yi magana, na kusa da shi ya taka masa ƙafa. Alhaji ya fara cewa wannan cin mutunci ne, an ɗauko baƙo daga arewa don a ɓata masa suna. Bai ƙarasa ba mutane suka fara buɗa hanya. Iya Rahinatou ce take tahowa, tana dogara sandarta, ta sa mayafinta na zuwa masallacin Juma'a.

"Zauna, Mahama. Kaskona ne."

Ta faɗi komai a tsaye, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta juya wajen masu doya ta roƙi gafararsu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sa'an nan ta juya wajen Awaisu, ta ce masa ɗana, ka yafe mini, na shiga gidanka ba da saninka ba, na kuma jawo maka ɗauri. Awaisu ya rufe fuskarsa da rawaninsa. Sai a lokacin ya san abin da ya warkar da cikin Zaidu.

Alhaji Mahama bai koma kan kujera ba, a ƙasa ya zauna. Ya tambaye ta a hankali me ya sa ba ta gaya masa tana zuwa can ba.

"Kai ka ce kada kowa na gidanka ya je. Ni ma a gidanka nake."

Babban jandarman ya ce doka ta bambanta ganganci da tsautsayi, za a ji maganar tsohuwa a Sokodé, ɗanta ya tsaya mata. A nan take ya kwance Awaisu. Khairiya ta ruga ta rungume ƙafafun ubanta, amma idonta yana kan Iya, wadda mata biyu suka riƙe suna mai da ita gida.

* * *

Ba a ɗaure Iya Rahinatou ba. Alhaji ya ɗauki nauyin doyar da aka rasa, ya kuma taka da ƙafarsa har rugar ya ba Awaisu haƙuri. Amma ƙauye bai koma mata yadda yake ba. Wasu matan sun daina shigowa gaishe ta, yara kuma in sun gan ta sai su yi ta hura hannu kamar masu hura garwashi, suna dariya. Ita kanta ba ta iya kallon baƙin filin da ke bayan gida. Ta ce za ta koma Dapaong wajen 'yarta Nabila, ɗanta ya yi roƙon duniya ta ƙi. Inusa, da ya tsaya har aka gama zaman Sokodé, ya ce zai raka ta tunda hanyarsu ɗaya.

Awaisu ya kawo yaran tasha da goran nono. Iya ta karɓi Zaidu ta ɗora a cinya, ta matsa cikinsa, ta ce ya yi ƙiba. Ta ja wa Awaisu kunne a kan yaro ba ya shan abu mai sanyi, ya ce ya ji, matar sarkin fawa ce za ta riƙa riƙe su da rana. Khairiya tana tsaye nesa kaɗan, ta ƙi matsowa. Sai da direba ya fara kiran fasinja ta zo ta kama bakin mayafin tsohuwar.

"Iya, wallahi ban faɗa ba."

"Na sani, 'yar nan. Ni na faɗa."

"To me ya sa za ki tafi?"

Iya ta shafa kanta da lanƙwasassun yatsunta, ta ce ta je ta riƙe hannun Baffanta, tasha ba wurin tsayuwar yaro shi kaɗai ba ne. Inusa ya taimaka mata ta hau, ya miƙa mata sandarta ta taga. Motar ta fita ta kama hanyar Kara.

Khairiya ta riƙe hannun ubanta har motar ta ɓace. Ta gane cewa babu wanda ya tilasta wa Iya ta yi magana a gindin mangwaron. Iya ta san abin da zai biyo baya, ta kuma zaɓi ta rasa zamanta a garin domin Baffa ya dawo gida da mutuncinsa.